Tsohon Injin Ciki: A Saya Ko A Bar Wa Mai Shi?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin fetur, lissafin masu jiragen haya a ruwa ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura 1,000 a garuruwa da dama. Direban mota yana da dabarunsa, ko ba komai zai saki giya a gangara. Wanda ya ɗauko buhunan shinkafa da albasa daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji zai kai kasuwar Yawuri ba shi da gangara. Daga tashi har sauka inji ne ke aiki, kuma mai yake sha.

Yawancin jiragen da ke kai-da-kawo a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi injin rataye ne a jikinsu, irin su Yamaha mai doki 40 ko 75 da ake maƙalawa a bayan jirgi, ana gauraya musu fetur da baƙin mai. A irin wannan hali ne dillali zai zo wa mai jirgi da magana: "Alhaji, akwai wani injin gas, na ciki, an ciro shi daga wani jirgi a kudu. Tsoho ne amma lafiyayye, mai shi kuɗi yake nema." Injin ciki shi ne wanda ake girkewa a tsakar jirgi, ya juya doguwar sanda da ta ratsa gindin jirgin ta ɓulla ƙarƙashin ruwa, farfela na bakinta. Wanda ake tallarsa zai yi shekara talatin ko arba'in da ƙerawa. A saya ko a bari?

Masu cewa a saya da batun mai suke farawa, kuma a nan ba a kada su. Injin rataye mai doki 40 irin na gauraye, idan aka buɗe masa wuta duka, yana shan abin da ya kai lita 20 a awa, ban da kuɗin baƙin man da yake ƙonewa tare da fetur ɗin. Injin gas da ke ba da wannan ƙarfin lita 8 zuwa 9 ta ishe shi. Tafiyar awa biyar ke nan, wancan ya sha lita 100, wannan bai kai 50 ba. Gaskiya ne litar gas ta fi ta fetur tsada a mafi yawan lokuta, amma tazarar farashin ba ta kai tazarar shan ba. Akwai kuma abin da ba a gani a takarda. Injin rataye ƙaramar farfela gare shi mai juyawa da sauri, an yi ta ne don jirgi mara nauyi ya tashi a guje. Injin ciki kuwa yana da giyabos da ke rage juyin zuwa rabi ko sulusi, sai ya juya babbar farfela a hankali, wadda ke damƙar ruwa da yawa lokaci guda. Jirgin katako mai ɗauke da tan goma ba gudu yake nema ba, turi yake nema. Shi ya sa manyan jiragen kaya na Mopti a Mali, masu hawa da sauka a kogin Neja, injin gas ne a cikinsu, sau da yawa ma na babbar mota aka ciro aka dasa.

Hujja ta biyu ita ce ta fi burge ni, domin ta shafi ƙasarmu kai tsaye. Da yawa daga cikin injunan jirgi na da ba asalin na ruwa ba ne, injunan gona ne da na mota aka yi wa kwaskwarima. Ɗauki Perkins, kamfanin da Frank Perkins ya kafa a Peterborough ta Ingila a 1932, wanda Massey-Ferguson ta saye a 1959. A 1964 ya fara fitar da samfurin 4.236, mai silinda huɗu, kusan lita 3.9. Wannan injin ya shiga jiragen ruwa masu ɗimbin yawa, kuma shi ne a cikin da yawa daga jajayen taraktocin Massey da ke noma a Arewa. Ma'anar wannan ita ce fistin da ringi da silif da metal da gaskit na injin jirgin da aka yi shekara arba'in da ƙerawa suna nan a shagunan kayan tarakta na Kano da Kaduna, kuma makanikin da ya iya sauke injin tarakta ya iya sauke shi. Silindarsa silif ce da ake zarewa a sa sabuwa, don haka bulok ɗaya yana iya ganin gyara biyu ko uku. Haka Lister, wadda duk mai injin niƙa ya san sunanta: tana da samfuran jirgi da iska ke sanyaya su, ba ruwansu da ruwa, wasu ma da hannu ake tayar da su, ko batir ba sa nema.

Su waɗannan injuna babu kwamfuta a cikinsu. Famfon injekta ne da nozul, matsin da ke buɗe nozul ɗin bai wuce awon matsi na "bar" 200 ba a mafi yawansu, alhali manyan injunan zamani masu na'ura suna aiki da matsin da ya haura "bar" 1,500, ɗigon ruwa a cikin gas ya isa ya lalata su. A ƙasar da ake sayen gas a jarka a bakin ruwa, wani lokaci an sirka shi da kananzir, inji mai haƙuri ba ƙaramin abu ba ne. Idan tsohon inji ya mutu, ko iska ce ta shiga layin mai, ko filta ta toshe, ko zafi ya yi masa yawa. Duk mai sifana da basira zai gano. Masu wannan ra'ayi sukan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun wuta da na ɓarayi, waɗanda ba su buƙatar dogon bayani. Tururin fetur yana kama wuta ko a tsananin sanyi, ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Gas kuwa sai ya yi zafin da ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Jirgin da ke ɗauke da mata da yara da jarkokin fetur a gefen mai shan taba abin tsoro ne. Injin rataye mai doki 40 kilo 70 da 'yan kai ne, mutum biyu za su sunkuce shi da dare. Wanda ya haura kilo 300, a ɗaure da ƙusoshi a cikin jirgi, ba a yi masa haka.

To, masu cewa a guje fa? Su ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne an faɗi rabin labari.

Eh, bulok ɗin na tarakta ne. Amma abin da ya mayar da shi injin jirgi ba na tarakta ba ne. Jirgi ba shi da lagireto, don haka ana buƙatar famfon da zai zuƙo ruwan kogi, da akwatin da ruwan kogin zai ratsa ta cikin sirarran bututu ya kwashe zafin ruwan inji, da gwiwar salansa inda ake gauraya hayaƙi da ruwa kafin a fitar da su, da giyabos mai gaba da baya. Waɗannan su ne kayan kamfanoni irin su Jabsco da Bowman da Hurth da PRM da Borg Warner, kuma su ne ke fara lalacewa, domin su ke gogayya da ɗanyen ruwa. Ba za ka same su a shagon kayan tarakta ba. Sai an nemo a Legas ko Fatakwal, ko a yi odar su daga waje da dala, jirgi na ɗaure a bakin gaɓa yana jira. Idan kuwa injin ba dangin tarakta ba ne, misali tsofaffin Volvo Penta samfurin MD na shekarun 1960 da 1970, to har kayan cikinsa ma sai an sha wuya, kuma da tsada. Wanda ya sayi irin wannan don ya gan shi da araha zai tuna cewa araha ba ta ado.

Na biyu, kuma shi ne babban abin tsoro: ciwon tsohon injin ruwa a ciki yake, inda ido ba ya kaiwa. Akwai injunan da ba su da wancan akwatin sanyayawa sam, ruwan da jirgi ke kai shi ne ke ratsa cikin bulok kai tsaye. Idan irin wannan ya yi shekara talatin a teku, gishiri ya ci bangon hanyoyin ruwansa daga ciki, ya bar ɓawon tsatsa da ke toshe su. A waje za ka gan shi fes da sabon fenti, a ciki kuwa ƙarfen da ya raba ruwa da silinda ya sirance. Babu silif ko ringin da zai gyara wannan. A ƙananan Yanmar ma akwai alama: 2GM20 ruwan teku ke ratsa shi, 2GM20F mai harafin F a ƙarshe shi ne mai ruwansa na kansa a rufe. Galibin tsofaffin injunan da ke shigowa kasuwanninmu kuwa daga ruwan gishiri suka fito, ko na Turai, ko na gaɓar kudu. Gwiwar salansa ita ma haka take ruɓewa a ɓoye. Ranar da ta huje ta ciki, ruwa zai koma silinda bayan an kashe inji. Da safe a murɗa makulli, fistin ya taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Inji ya buga ke nan tun bai tashi ba.

Akwai wata yaudara da ya kamata a tsaya a kanta, ta "bai yi aiki da yawa ba". A Alang, gaɓar jihar Gujarat ta Indiya inda ake farfasa tsofaffin manyan jiragen teku, ana ciro injunan kwale-kwalen ceto irin su Lister da Bukh da Sabb, ana sayarwa duniya. Agogonsu kan nuna awoyi kaɗan ƙwarai, kuma ba ƙarya ba ne, domin aikinsu shi ne zama. Dokar tsaron jiragen teku ta tanadi a tayar da su duk mako na aƙalla minti uku don a tabbatar suna aiki. Amma injin gas da ya shekara ashirin ana tayar da shi minti uku a kashe bai taɓa yin zafin kirki ba. Raɓa ta taru a cikinsa, baƙin mansa ya yi tsami, bangon silinda ya yi santsi, robobinsa sun bushe. Wasu daga cikinsu garau suke, wasu kuwa injin masunci da ya yi dubban awoyi yana aiki kullum ana canja masa mai ya fi su lafiya. Zama ya fi aiki kashe injin ruwa. Adadin awa da adadin shekara duk ba su ne tambayar ba.

Na uku, kuɗin injin ba shi ne kuɗin ba. Wanda ya saba da injin rataye yana mantawa cewa a cikinsa akwai komai: shi ne inji, shi ne giya, shi ne farfela, shi ne sitiyari. Ka cire shi ka kawo na ciki, sai ka gina masa gado mai ƙarfi, ka huda gindin jirgi ka sa bututu, ka sayi sanda da farfelar da ta dace da ƙarfin injin da nauyin jirgin, ka ƙera abin juya jirgi a bayan farfelar, ka sa tanki da salansa. Wurin da zai zauna kuma wurin buhuna ne ko fasinjoji da ka rasa har abada. Sandar da giyabos dole su daidaita, kuskuren da ya wuce kaurin takarda yana cinye beyarin ya girgiza jirgi. Jirgin katako kuwa yana lanƙwasa, yadda yake babu kaya daban, yadda yake da lodi daban, don haka daidaitawar ba ta sau ɗaya ba ce. Sannan ga hujin nan a ƙasan ruwa. Ana cusa masa fakin mai maiƙo, kuma a ƙa'ida yana ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan idan sanda na juyawa, don kada ya ƙone. In an matse da yawa ya yi zafi ya ci sandar, in an sake ruwa ya cika jirgi da dare.

Na huɗu, ruwanmu. Wannan hujja ni a ganina ita kaɗai ta isa ta yanke hukunci a wurare da yawa. Farfelar injin ciki a kafe take, ba ta ɗaguwa. Da rani Neja da Binuwai suna janyewa su bar tsibiran yashi da ke sauya wuri kowace shekara. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, ga ciyayi. A Kainji akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, suna nan a ƙasa suna jira. Matuƙi mai injin rataye idan ya ji ƙasa sai ya ɗaga ƙafar injin ya tura da gora ya wuce; idan komar masunta ta naɗe farfela sai ya ɗago ta ya yanke da wuƙa yana zaune. Mai injin ciki sai wani ya tuɓe ya nutsa. Idan farfelar ta daki kututture, sanda ta karkace, sai an jawo jirgin gaba ɗaya tudu. Da damina kuma ruwan ya zama ja da laka da yashi, yashin nan shi ke cinye fankar robar da ke cikin famfo, ya cushe bututun sanyayawa. Akwai maganin wannan, wato a shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin jirgi ruwan inji ya riƙa zagayawa a cikinsa kogi na sanyaya shi ta waje. Dabara ce mai kyau, amma ƙarin kuɗi ce, kuma bututun ma yana iya haɗuwa da kututturen.

Idan injin rataye ya ƙi, a ɗora shi a Keke Napep a kai wa makaniki, a ari wani a maƙala, jirgi ya ci gaba da nema. Na ciki sai makaniki ya zo da kansa, ya tsuguna a cikin zafi da ƙauri. Idan kuwa a tsakiyar tafki ya mutu da la'asar, da mutum hamsin a ciki, hadari na haɗowa, to ba maganar kuɗi ake ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja ta hana tafiyar dare, amma injin da ya mutu bai san doka ba.

Kafin in faɗi inda na tsaya, bari in cire abu biyu daga muhawarar. Tsohon injin ciki mai shan fetur, irin Atomic 4 da aka yi dubbai a Amurka daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1980, ko injin ƙaramar mota da wani ya dasa a jirgi, ba shi da wurin zama a jirgin haya. Ya haɗa aibin ɓangarorin biyu: ga shan fetur, ga huji a gindi, ga tururi a rufaffen wuri kusa da tartsatsin lantarki. Ko kyauta aka ba ka, ka gode ka bari. Abu na biyu, ba daidai ba ne a riƙa magana kamar zaɓi tsakanin tsohon Perkins da sabon inji mai kwamfuta kawai yake. Akwai sababbin injunan gas na Sin, irin su Weichai da ƙananan masu silinda ɗaya da ake ban-ruwa da niƙa da su, waɗanda ba su da wata na'ura, kuma kuɗinsu ba lallai ya fi na tsohon inji da gyaransa ba. A Bangaladash irin waɗannan ƙananan injunan ban-ruwa ne suka mamaye jiragen karkara tun shekarun 1980. Ƙarfensu bai kai na tsofaffin Ingila ba, amma ba su taɓa shan gishiri ba. Duk wanda bai tambayi farashinsu ba kafin ya taya tsoho bai gama lissafi ba.

Ni dai ina ganin a saya, amma ba kowa ba, kuma ba kowane inji ba. Wanda jirginsa babba ne, hanyarsa doguwa, ruwansa mai zurfi duk shekara, lodinsa mai nauyi, shi ne rarar mai za ta biya masa kuɗin dasawa. Mai tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, tafiyar minti ashirin a ruwa mai yashi, ya riƙe Yamaharsa. Injin kuma ya zama ɗan dangi, wanda za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ka ambaci lambarsa a miƙo maka kaya. Ya zama mai ruwan sanyayawa a rufe, ko mai sanyaya da iska, ko wanda aka tabbatar a ruwan daɗi ya yi rayuwarsa.

Sannan a duba shi yadda ya kamata, kuma duba na gaskiya da sassafe ake yi. Ka riga mai shi zuwa, ko ku zo tare. Kafin kowa ya taɓa makulli, ɗora tafin hannunka a kan tof silinda. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi don ya ɓoye maka wahalar tashinsa; ka ce, "Maigida, gobe na dawo, a bar shi ya kwana." Injin gas da matsi yake kunna mai, don haka wanda ringinsa da bawul ɗinsa ke da rai zai kama cikin daƙiƙu kaɗan ko da sanyi. Wanda sai an fesa masa wani abu a hanci, ko an kara masa tsumma mai wuta, ya gaji. Zaro sandar gwajin mai ka murza a yatsa. Baƙi ba laifi ba ne a injin gas. Fari-fari kamar an zuba madara shi ne ruwa ya shiga. Kauri kamar zuma kuwa wataƙila an zuba mai nauyi ne don a danne ƙara a ɗaga awon matsi. Da ya tashi, leƙa bakin salansa ka ga ruwa na fita da ƙarfi tare da hayaƙi. Buɗe murfin zuba baƙin mai yana aiki: ɗan huci ba komai, amma idan yana bugo hayaƙi kamar salansa ta biyu, wuta na zarcewa ta gefen ringi. Kalar hayaƙin ma magana take. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Baƙi, an yi masa lodi fiye da ƙima, ko nozul, ko iska ba ta isarsa. Fari da bai ɗauke ba bayan ya yi zafi, ko gas ne ba ya ƙonewa ko ruwa ne ke shiga silinda. Ka sa a kwance murfin akwatin sanyayawa da gwiwar salansa ka gani da idonka. Sabon fenti a kan ƙusoshi da tiyo da waya, har da datti, ni yana ƙara mini shakka ne.

Kuma kada a tsaya a gaɓa. Inji mara lodi kowa gwani ne. A fita da shi da kaya, a buɗe masa wuta rabin awa, a ga ko zai kai juyin da aka rubuta masa, a ga ko zafi zai tsaya wuri ɗaya, sannan a dawo da shi silo a duba matsin baƙin mai yana da zafi, domin a lokacin ne metal da ya ci yake tona kansa. A sa giyar gaba, a sa ta baya, a ji ko tana kamawa nan take ko sai ta yi tunani.

Amma akwai sharaɗin da ya fi duk waɗannan, wanda ban cika jin ɓangarorin biyu suna ambata ba: wa zai zauna da injin? Kulawar da tsohon injin ciki ke so ba mai wuya ba ce, amma ta kullum ce. A duba mai da ruwa da bel kafin a tashi. A wanke rariyar da ke tace ruwan kogi. A tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan filtar gas. A canja baƙin mai da filta bayan awa 100 zuwa 150, ko yadda littafinsa ya ce. A canja fankar roba duk shekara, a ajiye wata a jirgi, domin idan ta juya a bushe na ɗan lokaci fikafikanta suna gutsurewa, kuma dole a bi a tsinto gutsattsarin a bakin bututun sanyayawa, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta hana zafi ba. A duba guntun zinkin da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon inji. A taɓa wurin fakin a ji ko ya yi zafi. A bar injin ya yi aiki da ƙarfi, kada a yini ana lallaɓa shi a silo. Duk wannan aikin mai abu ne. A tsarin da muka saba kuwa, mai jirgi yana gari, yaro ne ke tuƙi, kuma abin da aka ɗora wa yaron shi ne ya kawo balas da yamma. Idan allurar zafi ta hau ana tsakiyar tafiya ranar kasuwa, tsayawa asararsa ce, ci gaba asarar maigida ce. Ba sai an tambaya wanne zai zaɓa ba, kuma minti kaɗan na zafi sun isa su tsaga tof silinda. Ban ga laifin yaron sosai ba, tsarin ne ya koya masa. Wanda zai sayi tsohon inji ko dai shi ne matuƙin, ko ɗansa ne, ko ya ba matuƙin kaso a cikin rarar man da aka samu, ya kuma sa ƙararrawar zafi da ta matsin mai masu ƙarar da fasinjoji ma za su ji. In ba zai yi ko ɗaya ba, injin rataye ya fi masa, don shi an gina shi ne da sanin za a wulaƙanta shi.

Saura ciniki. Idan injin yana cikin jirgi kuma an yarda a gwada, a biya wani kaso, a riƙe saura sai an yi tafiya da lodi an dawo, a gaban shaidu da sarkin jirgi. Idan kuwa a ƙasa yake, a kan taya a wani shago a kasuwar Ladipo ta Legas, babu sanda babu ruwa, to ba inji kake saya ba, bulok kake saya da fatan alheri. Tayar da shi na minti biyu da tiyo a bokiti zai nuna maka yana tashi, ba zai nuna maka komai game da giyabos ko zafi ba. A irin wannan sai ka je wurin mai kayan gyara tukuna, ka rubuto kuɗin silif da fistin da ringi da metal da gaskit, da gyaran nozul da famfon injekta, da sabon famfon ruwa da gwiwar salansa, da ladan makaniki, ka tara da kuɗin dasawa. Ka cire jimlar daga kuɗin sabon injin gas mai ƙarfinsa. Abin da ya rage, in ya rage, shi ne iyakar tayinka.